Amsa ga mai tambayar .223 da farautar elk a Kolorado

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da sauka. Ka ce bindigarka .223 da kake harbin barewa da ita a Teksas, ko za ta yi maka a Kolorado har da elk, wato wata babbar dabba dangin barewa. Gaskiya ba za ta yi ba, ko barewar ma ba a yarda ba balle elk. A Amurka kowace jiha da dokarta, Teksas ba ta kafa ƙa'idar faɗin harsashi ba in dai hular da ke tayar da shi tana tsakiyar gindin kwanson ne, amma Kolorado mafi ƙanƙanta .24 na inci ne wato milimita 6, ka ga .223 ta faɗo ƙasa kenan. Kuma ba nan ta tsaya ba, kan harsashin sai ya zama mai buɗewa in ya shiga nama, nauyinsa giren 70 (ma'aunin nauyin harsashi kenan) in barewa ce, 85 in elk ne. Ɗauki kwalin ka duba, a rubuce yake a gefe.

Wayomin da ke maƙwabtaka sun yarda da .223 a kan barewa in kan ya kai giren 60, amma elk dai .24 ne. Montana ba ta sa iyaka ba sam. Ohayo kuma wata duniya ce, kwanson ne sai ya zama miƙaƙƙe marar wuya, irin su .350 Legend.

To amma ni abin da ya fi damuna ba tarar ba ce. .243 ta halatta a Kolorado, amma wallahi ba zan ba sabon shiga shawarar ya tunkari elk da ita ba. Dabbar nan namijin ya fi gwanki girma, yana haura kilo 300, kafaɗa duk ƙashi. Na taɓa raka wani abokin farauta bin sawun elk ɗin da ya harba da ƙaramin harsashi, jini ɗigo-ɗigo a kan ƙanƙara, tun hantsi muke hawan dutse har magariba jinin ya ɗauke, ba mu same shi ba. Dabba ta tafi da ciwo ta mutu a banza, abin ya daɗe yana cin raina.

Nemi .270 ko .308 ko .30-06, ɗaya ta ishe ka duka biyun, harsashinsu ma ba ya wuyar samu, sai ka yi ta gwaji kafin Oktoba. Ɗan littafin dokokin farauta na hukumar namun dajin jihar, Colorado Parks and Wildlife, na bana kyauta ne a intanet, shi za ka karanta ba na bara ba. In an haife ka daga 1949 zuwa yau sai da katin kwas ɗin farauta za su sayar maka da lasisi, kuma kar ka manta riga da hula ruwan lemo. Allah ya ba da sa'a.