Anime mai fassarar murya ko na asali: wanne ake kafa hujja da shi a gardamar ƙarfin jarumai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokina mun daɗe muna gardama a kan Dragon Ball Z. Shi wanda aka ɗora wa muryar Turanci yake kallo, ni kuwa na Japananci mai rubutacciyar fassara a ƙasan allo. Ya dage cewa ƙarfin Goku ya haura 9,000 lokacin da ya iso ya fuskanci Nappa, kuma dabarar ɓacewar nan ta Goku tafiya ce da saurin haske. A nawa 8,000 na gani, kuma ban ga zancen haske ba. Wa ke da gaskiya? Kuma shin duk fassarar murya ɓata labari take yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A waɗannan abubuwa biyu gaskiya tana wajenka. Sai dai ba don kana kallon na Japananci ba ne kaɗai, kuma idan ka riƙe wannan a matsayin hujjarka, wata rana abokinka zai kayar da kai a wata gardamar.

Mu fara da lambar. Akira Toriyama ya zana Dragon Ball a mujallar Weekly Shōnen Jump daga 1984 zuwa 1995. A littafin zanen, wato manga, da kuma anime ɗin, wato shirin zane mai motsi na Japan, da Toei Animation ya fara nunawa a 1989, abin da Vegeta, abokin gabar Goku da ya zo tare da Nappa, ya faɗa shi ne ƙarfin Goku ya haura 8,000. Lambar 9,000 ta fito ne daga fassarar Turanci da Funimation ya fara fitarwa a Amurka a 1996, da muryoyin 'yan wasan kamfanin Ocean na Kanada. Dalilin da aka fi ambatawa shi ne kalmar ta fi dacewa da motsin bakin Vegeta. Daga baya, a fassarar Dragon Ball Z Kai wadda ba a yanke komai a cikinta ba, an mayar da 8,000.

Wani zai ce dubu ɗaya ce kawai, me ta rage? Ta rage da yawa, domin lissafin faɗan da ya biyo baya a kanta ya zauna. Ƙarfin Vegeta a lokacin 18,000 ne. Kaio-ken dabara ce mai ninka ƙarfin mai ita na ɗan lokaci, tana kuma cin jikinsa gwargwadon ninkin. Ɗauki 8,000 ka ninka biyu, ka sami 16,000, wanda bai kai na Vegeta ba, kuma abin da aka gani ke nan: Goku ya sha wuya a ninki biyu. Shi ya sa ya karya gargaɗin malaminsa Kaio ya hau ninki uku, wato kusan 24,000, ya fara rinjaye, jikinsa kuma ya fara rugujewa. Yanzu sa 9,000 a wurin. Ninki biyu ya ba ka 18,000, Goku ya kamo Vegeta ke nan, kasadar ninki uku ta rasa dalili. Wanda ya riƙe 9,000 dole ya ƙirƙiro wani bayani na daban don ya ɗinke ɓarakar, wanda ya riƙe 8,000 kuwa ba ya bukatar ƙarin komai.

Dabarar ɓacewa ma haka take. A asali Goku ya bayyana cewa ya koyo ta wurin mutanen duniyar Yardrat, kuma sharaɗinta ɗaya ne: sai ya jiyo ki na wani mai rai, wato ƙarfin ruhinsa, sannan ya bayyana kusa da shi nan take. Inda bai jiyo kowa ba, ba zai iya zuwa ba. Tsohuwar fassarar Turanci ce ta ƙara zancen saurin haske. Labarin da kansa ya ƙaryata ƙarin, domin da wannan dabarar Goku ya ɗauke mugun nan Cell daga duniya ya kai shi gidan Kaio, wanda yake a lahirar labarin, cikin ƙiftawar ido. Babu hanyar da haske zai bi ya isa can.

Don a gane yadda irin wannan ke faruwa, sai an san yadda ake ɗora murya. Mai fassara yakan fara juya maganar Japananci yadda take. Daga nan rubutun ya koma hannun wani marubuci, wanda aikinsa shi ne ya sa kowace jimla ta cika daidai lokacin da bakin jarumi yake motsi. A yawancin anime na talabijin, baki zane uku ne ake juyawa: rufe, rabin buɗe, da buɗe. Idan bakin ya motsa sau goma sha biyu, jimlar Turanci dole ta cika wannan tsawon, ta kuma tsaya inda bakin ya tsaya. Idan ta yi gajarta sai a yi ciko, kuma a wurin cikon ne ake samun bayanin da marubucin asali bai taɓa faɗa ba. Idan ta yi tsawo sai a yanke, abin da aka fi yankewa kuwa ƙananan kalmomin sharaɗi ne irin su "idan", "kawai", "wataƙila". A ƙarshe ɗan wasa ya shiga ɗakin ɗaukar murya, galibi shi kaɗai, ana iya sake gyara jimlar a nan take idan ba ta hau bakin ba. Hannu uku ke nan aƙalla tsakanin abin da aka faɗa da abin da abokinka ya ji.

Akwai kuma matsala ta biyu da ta shafi wani zamani. Fassarorin da aka yi wa tashoshin yara a Amurka daga shekarun 1990 zuwa farkon 2000 sun bi dokokin da ke ƙin ambaton mutuwa. A tsohuwar fassarar Dragon Ball Z, wanda aka kashe sai a ce an tura shi wata duniyar daban. A Yu-Gi-Oh, kamfanin 4Kids ya ƙirƙiro wata duniyar duhu da ake jefa wanda ya faɗi wasa, a wuraren da asali mutuwa ce ko mummunan rauni ke jiransa. Haka kuma a tsohuwar fassarar Dragon Ball Z ɗin aka sa Vegeta ya ce mahaifin Goku gwanin kimiyya ne da ya ƙirƙiro dabarar wata na bogi. Asali kuwa Bardock, wato mahaifin nasa, ƙaramin mayaƙi ne, kuma abin da Vegeta ya bayyana a wurin shi ne ƙa'idar rikiɗa: cikakken wata yana fitar da wani haske da ya haura awo miliyan 17, ido ya sha shi, wutsiya ta amsa, ɗan ƙabilar Saiyan, wato ƙabilar su Goku da Vegeta, ya zama gwaggon biri mai ƙarfi ninki goma. An cire ƙa'ida an sa tatsuniya a gurbinta. Wannan ɓarna ce ta gaske, kuma masu ƙorafi a kanta suna da hujja.

To amma kai ma, ɗan'uwa, in dai ba ka jin Japananci, fassara kake karantawa. Rubutun ƙasan allo yana da nasa takunkumin. Ba ya wuce layi biyu, kowane layi haruffa arba'in da 'yan kai, kuma dole ya ɓace da zarar maganar ta ƙare. Idan jarumi yana zuba bayani da sauri, sai an taƙaita. Japananci kuma harshe ne da ke yawan barin mai aikata aiki ba a ambata ba, ba ya kuma tilasta bambanta ɗaya da jam'i, don haka mai fassara yakan zaɓi "shi" ko "su" bisa fahimtarsa, babi na gaba ya nuna ya yi kuskure. Ƙidayarsu ma a kan dubu goma take tafiya, shi ya sa ƙarfin Frieza, wani mugu a Dragon Ball Z, na 530,000 suke faɗarsa a matsayin dubu goma sau 53, kuma a nan ne mai gaggawa kan ƙara sifili ko ya rage. A One Piece an ambaci kalmar haki tun kafin a bayyana cewa tsarin ƙarfi ce mai rassa uku, don haka fassarori da dama na farko suka juya ta a matsayin buri ko ƙwarin zuciya. Babu wanda ya yi ha'inci, bayanin ne bai iso ba tukuna.

Ka kuma kula da wani tarko: a wasu manhajojin kallo, rubutun da ke fitowa a ƙasa kwafin maganar fassarar murya ne, ba fassarar Japanancin ba. Gane shi ba wuya. Kunna muryar Turanci tare da rubutun na minti biyu. Idan suna tafiya kalma da kalma, to wannan rubutun ba hujja ba ne a kan abin da aka faɗa a asali.

Abin da yawancin masu gardama ke mantawa shi ne anime na Japanancin ma ba shi ne tushe ba. Idan daga manga aka ɗauko shi, kamfanin zane yakan ƙara sassan ciko don kada ya cimma littafin da ake bugawa mako-mako. Labarin Garlic Jr. a Dragon Ball Z duk ciko ne, babu shi a littafin Toriyama, kuma da Japananci aka fara yin sa. Wanda ya kawo hujja daga irin wannan sashe bai fi mai 9,000 tsayawa a kan ƙasa ba.

Saboda haka idan ana gardamar ƙarfi, hujjoji hawa-hawa ne. Mafi ƙarfi shi ne abin da aka ga ya faru a shafin littafin asali, domin gani ya kori ji. Mai bi masa shi ne bayanin mai ba da labari, ko na malami yana koyar da ɗalibi ƙa'ida. Sai littattafan bayani na hukuma, kamar jerin Daizenshuu, inda aka samo cewa ƙarfin Goku ya tashi daga miliyan 3 zuwa miliyan 150 da ya yi rikiɗar da ake kira Super Saiyan, wato ninki hamsin. Waɗannan ana karɓarsu matuƙar ba su saɓa wa littafin ba. Can ƙasa kuma sai maganar jarumi a tsakiyar faɗa, domin jarumai suna fariya, suna ƙarya, suna kuma yin kuskure. Mugu ya ce zai iya ruguza kaza, wannan iƙirari ne har sai an ga ya yi, ko wani abin dogaro ya tabbatar.

Ko lambobin na'urar auna ƙarfi ba a ɗaukarsu a matsayin awo tsayayye. Na'urar Raditz, yayan Goku da ya zo yaƙarsa, ta karanta Goku a 416, da ya tara ƙarfi don harba dabararsa ta Kamehameha ta haura zuwa 924, mutum ɗaya cikin faɗa ɗaya. Wani sojan Frieza ya auna matashin mayaƙin nan Trunks ya ga 5 kacal, jim kaɗan Trunks ya gama da sojojin. Na'urar tana karanta abin da mutum ya bari ya fito ne a wannan daƙiƙar, kuma mayaƙan duniya sun iya ɓoyewa. Bayan wannan wurin littafin ya daina amfani da waɗannan lambobin. Duk wani adadi da ka ga ana yawo da shi a intanet na ƙarfin mugayen da suka zo daga baya, Cell ko Buu, ka tambayi mai shi daga wane shafi ya ɗauko.

Inda fassara ta fi yin illa ma ba a tsarin lambobi ba ne, a tsarin sharuɗɗa ne. Dubi Nen, tsarin ƙarfin da ake amfani da shi a Hunter x Hunter. Rukuni shida ne, mutum yana iya kaiwa kashi 100 cikin 100 a rukuninsa, 80 a maƙwabtansa biyu, 60 a na gaba, kuma ƙarfin dabara yana ƙaruwa gwargwadon tsananin alkawarin da mai ita ya ɗaure kansa da shi. Sarƙar Kurapika, ɗaya daga cikin jaruman labarin, mai ɗaure abokin gaba tana da ƙarfin da take da shi ne saboda ya yi rantsuwar ba zai yi amfani da ita a kan kowa ba sai 'yan ƙungiyar ɓarayin nan ta Gizo-gizo, in ya saɓa ya mutu. Cire "sai" daga wannan jimla, kuma za ka sami mai kallo da ya yi imani Kurapika zai iya ɗaure kowa da ita. A irin wannan labarin, duk jimlar da ke bayyana ƙa'ida ta cancanci a duba ta a fassara biyu.

Game da tambayarka ta ƙarshe, a'a, ba duk fassarar murya ce ke ɓata labari ba, kuma rashin adalci ne a auna aikin yau da ma'aunin 1996. Tun wajen 2014 aka fara fitar da fassarar murya kusan tare da fitowar shiri a Japan, ba a yanke fage, kuma masu haƙƙin mallaka sukan duba sunaye da kalmomin dabaru. Tana da fa'idar da rubutu ba shi da ita: idonka yana kan faɗan, ba ya sauka ƙasa kowane daƙiƙa uku, kuma ita ce ƙofar mai raunin gani da wanda karatu da sauri ke ba shi wuya. Na asali kuma yana riƙe da abin da darakta ya tsara da kunnensa. Masako Nozawa ce ke yin muryar Goku tun yana yaro har ya girma, abin da ke ba shi wata ƙuruciya da rashin wayo da ba a ji sosai a tsohuwar muryar Turanci, wadda ta fi karkata ga gwarzo mai ceton duniya. Wannan bambancin ɗanɗano ne, kowa ya zaɓi nasa.

Idan gardama ta sake tashi, ku yi haka. Ku fara yarda a kan wane tushe kuke magana, littafi ko anime, domin rabin rikicin a nan yake mutuwa. Ku nemo lambar babin da abin ya faru, ku karanta shi a fassarar hukuma. Ku kalli fagen a murya biyu, ku rubuta abin da kowace ta ce. Inda suka saɓa, ku duba wace magana ce abin da ya faru kafin fagen da bayansa ya goyi baya, kamar yadda lissafin Kaio-ken ya goyi bayan 8,000. Idan kuma littafin bai faɗi komai ba, kamar a tambayar wa zai yi nasara tsakanin jarumai biyu daga labarai daban-daban masu ƙa'idoji daban-daban, ku amince cewa hasashe kuke yi, kowa ya faɗi sharuɗɗan da ya ɗora nasa a kai kafin a fara.