Filin Tambayi Mai Gyara: Na kwafi saitin gwani, wasana ya ƙara lalacewa

Tare da Bala mai gyaran waya, daga Gombe

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan wasan harbi na waya suka zo, don haka na ɗage maganar batir da na yi alkawari zuwa fitowa ta gaba. Masu jiran ta su yi haƙuri.

*Yaya Bala, wata huɗu ke nan ina buga Call of Duty Mobile a Infinix ɗina. Na ga wani gwani a YouTube ya nuna saitinsa, na kwafe lamba da lamba, har wurin da ya ajiye kowane maɓalli. Tun daga ranar wasana ya ƙara lalacewa. In na juya sai in wuce abokin gaba, in zan yi harbi sai in danna tsalle. Wane saiti ne ya fi kowane kyau?*
Daga Mubarak, Pantami, Gombe

Ƙanina Mubarak, zanen aro ba ya rufe katara. Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin. Wasan ya fito a watan Oktoba na 2019, ni kuma na kama shi gadan-gadan a 2020, lokacin zaman gida na korona, da shago ya zama ba ciniki. Na kwafi saitin wani yaro da yake juyi kamar walƙiya, na yi mako biyu ana karkashe ni a Nuketown, ɗaya daga filayen faɗa na wasan, kamar kazar biki. Sai daga baya na lura ashe a kan iPad yake bugawa. Faɗin gilashinsa ya ninka na wayata, yatsansa yana da filin tafiya, ni kuwa kafin in motsa na kai bango. Lamba ɗaya ce muka sa, amma tafiyar da yatsa zai yi ba ɗaya ba ce. Ƙara da cewa irin na'urorin nan nasu suna sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, yawancin wayoyin da ake kawo mini shago kuwa 60 ne ko 90.

To ka goge abin da ka kwafa, ka koma saitin asali na wasan, mu fara daga saurin juyawa, abin da yara ke ce wa sansitibiti. Shiga filin atisaye, inda ba mai harbinka. Tsaya ka fuskanci wani abu guda, ko ganga ko ƙofa. Ɗora babban yatsanka na dama inda ya saba sauka, ka ja shi gefe sau ɗaya, jan da ba ka takura ba, ba tare da ka ɗaga tafin hannunka daga bayan wayar ba. In ja ɗayan nan ya juya ka har ka ba gangar baya, kana kusa da daidai. In sai ka ja sau biyu ko uku, ƙara lambar. In ka zagayo ka sake ganin gangar, rage ta. Dalilin wannan awo shi ne wanda zai kashe ka galibi ta baya yake ɓullowa, kuma ja ɗaya kawai za ka samu kafin ya gama da kai.

Kada ka ƙara ko ka rage fiye da biyar-biyar a lokaci guda. Kuma in ka canza abu ɗaya, ka bar shi kwana uku kafin ka taɓa wani. Na san wannan ita ce shawarar da ba wanda yake bi. Akwai wani yaron shagona da in aka cinye shi wasa ɗaya sai ya shiga saiti ya birkita komai, gobe ma haka, yau shekara guda ke nan hannunsa bai haddace komai ba. Yatsa kamar ɗan makarantar allo yake, sai an bar masa rubutu ɗaya ya yi ta biyawa kafin a wanke.

A wurin saitin juyawar za ka ga an ba ka zaɓi tsakanin gudu tsayayye da gudu mai ƙaruwa, wato wanda in ka fizgi yatsa da sauri juyin yake ninkuwa. Ni tsayayyen nake ba kowa shawara ya fara da shi. Tafiyar yatsa kaza tana ba ka juyi kaza, kullum, ko kana cikin natsuwa ko gabanka yana faɗuwa. Mai ƙaruwar yana da amfani a ƙaramar waya, amma mutum in ya firgita fizga yake yi, a nan ne kake wuce abokin gaba kamar yadda ka faɗa. Sannan lambar da kake amfani da ita in ka leƙa ta madubin bindiga ta zama ƙasa da ta juyin banza, ta bindigar nesa irin DL Q33 kuma ta fi kowace ƙasa, domin madubi mai jawo nesa yana mayar da ɗan motsi ya zama babba.

Yanzu maganar maɓallai, wadda ita ce ta fi ba ni daɗi, don a nan sana'ata take shigowa. Duk wayar ɗan wasa da aka kawo mini, kafin ya buɗe baki na san inda yatsunsa suke zama. Gilashin kariyar yana dusashewa a wuri biyu, kamar gwiwar wandon mai yawan zama. Kai ma za ka iya ganin naka. Goge fuskar wayar tas da gefen rigarka, ka buga wasa biyu, sai ka kashe hasken ka karkatar da ita wajen taga. Za ka ga shatin maiƙon yatsunka: dunƙule guda a hagu inda kake tafiya, da wani baka-baka a dama inda kake juyi. Bakan nan na dama filin juyinka ne, kada ka ajiye komai a cikinsa. Maɓallin harbi ya zauna a bakin bakan, inda yatsa zai gangaro kansa ba tare da miƙewa ba, ka ƙara masa girma sosai. Tsalle da durƙuso su matsa can ƙasa wajen kusurwa, da tazarar da ta kai faɗin yatsa tsakaninsu da harbi. Abin da ba ka dannawa a tsakiyar faɗa, irin taswira da hira da alamun barkwanci, ka ƙanƙanta su ka tura sama. In ka haddace wurin maɓalli kuma, rage masa kauri ya zama shara-shara, don kada ya rufe maka mutum.

Sauran abu guda. Babban yatsanka na dama aiki biyu ka ɗora masa, shi ne mai juyi, shi ne mai harbi, kuma ba zai yi su a tare da kyau ba. Wannan ne ya sa gwanaye suke riƙon kaguwa, da yatsu uku ko huɗu. Kada ka yi tsalle zuwa huɗu. Kunna maɓallin harbi na hagu, ka kai shi kusurwar sama ta hagu, ka ɗora manuniyarka ta hagu a kai. Yanzu hagu na harbi, dama na bin mutum. Kwana biyar na farko za ka ji kamar kana cin tuwo da hagu, za a kuma kashe ka fiye da da. Ka daure. In kuma har yanzu kana kan tsarin da aka rubuta wa Simple, wanda bindiga ke tashi da kanta da zarar ka saita mutum, ba abin kunya ba ne ga sabon shiga, amma yana zubar da harsashi yana kuma tona maɓoyarka. Wata huɗu ya isa ka koma Advanced, inda kai ne za ka danna harbi da kanka.

*Malam Bala, ƙawayena a makaranta suna ta maganar jairo, wai shi ne sirrin. Na kunna a PUBG Mobile, hoto ya riƙa rawa har jiri ya kama ni.*
Daga Rukayya, Gwallameji, Bauchi

Malama Rukayya, jairo wata 'yar na'ura ce a cikin waya da take jin karkatawar da kika yi mata, sai wasan ya mayar da karkatawar ta zama motsin bindiga. Amfaninsa babba guda ne: in kina harbi bindiga tana ɗaga kai sama, sai ki ɗan sunkuyar da wayar ki danne ta, yatsa kuma ya ji da bin mutum. Kuskurenki shi ne kin kunna shi a kowane lokaci. Ki zaɓi wanda yake aiki sai kin leƙa madubi kawai, ki sa lambar ƙasa-ƙasa, ki kafa gwiwar hannunki a kan cinya ko tebur. A kwance rigingine ba ya yiwuwa, a cikin Keke Napep kuwa kada ma ki fara. Ki kuma duba bayanan wayarki, domin wasu masu araha ba su da jairo na gaske, manhaja ce take kwaikwayonsa, shi ya sa yake makara yana rawa. In irin wannan ce da ke, kashe shi ya fi miki alheri. Jirin kuma in ya zo, ki ajiye wayar ki kalli nesa.

*Oga, da rana in ina wasa yatsana yana kafewa a kan sikirin, wani lokaci kuma wayar tana danna kanta. Wani ya ce in riƙa shafa hoda.*
Daga Usman, Tashar Dukku, Gombe

Usman, matsala biyu ka haɗa a buhu ɗaya. Fuskar waya da 'yar wutar lantarkin da ke jikin fata take gane taɓi, ba da ƙarfin dannawa ba. Gumi yana ɗaukar wuta, don haka a bazarar Gombe, watan Maris da Afrilu da zafi ke kaiwa wajen digiri 40, ɗigon zufa kan zama kamar wani yatsa na daban. Da hunturu kuma akasin haka ne, fata ta bushe ta yi kaushi har wayar ta riƙa ƙin jin ka. Hoda tana sa santsi, gaskiya ne, amma ni nake buɗe wayoyin masu shafa ta. Tana cika ramin sifika da wurin caji, ta haɗu da gumi ta zama kamar kwaɓin fulawa. Sayi safar yatsa, wadda ake saƙawa da zare mai ɗaukar wuta, masu kayan waya suna sayarwa da araha. In kana so ka ƙara, sa gilashin kariya mai dishi-dishi maimakon mai sheƙi, sai dai yana ɗan rage hasken hoto.

Danna kai kuwa, in ba gumi ba ne, ka zare caja ka gani. Caja marar kyau, musamman a wutar janareta, tana rikita fuskar waya ta riƙa taɓa kanta. Wasa a kan caji ma yana dafa waya, in ta yi zafi kuma da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai ka ga hoto yana tsinkewa ka zaci saitinka ne. Cire rigar wayar, ka rage kyan hoto zuwa ƙasa, ka ɗaga yawan hotuna a daƙiƙa iya abin da ta yarda. Ciyawa mai kyau ba ta taɓa cin wasa ba. Kuma don Allah kada ka sa ta a firji, raɓa za ta taru a ciki.

*Ɗana, yarona mai shekara 16 yana kukan ciwo a gindin babban yatsansa, kullum yana kan wasan bindigar nan. In karɓe wayar?*
Daga wata uwa, Jekadafari, Gombe

Mama, ina gaisuwa. Ni ba likita ba ne, amma ciwon sananne ne. Jijiyoyin da ke motsa babban yatsa suna bi ta gefen wuyan hannu, yawan maimaita motsi ɗaya yana sa wurin ya kumbura. Wani likitan ƙasar Suwizalan mai suna De Quervain ya bayyana irinsa tun 1895, kafin a san wayar hannu, masu wanki da masu raino ma suna samunsa. Ya huta da wasan na wasu kwanaki. In akwai kumburi, ko ciwon ya wuce mako biyu, ko yana jin yatsan yana mutuwa, ku je asibiti. In ya warke zai koma, ki sa ya nuna miki wayar: in maɓallin harbinsa yana can nesa sai ya miƙe yatsa kafin ya kai, ya matso da shi kusa, ya kuma raba aikin da manuniya kamar yadda na gaya wa Mubarak a sama. Karɓe waya kuwa hukuncinki ne, Mama. Abin da na gani dai shi ne wanda aka karɓe wa yakan koma ta abokinsa a bayan layi, gara yarjejeniyar wasa uku a tashi a miƙe hannu.

*Yaya Bala, ka daina ja mana rai, kawai ka turo mana lambobin saitinka.*
Daga Sadiku, Bolari, Gombe

Sadiku, ka zo shago in nuna maka, ba rowa nake yi ba. Sai dai ka sani manuniyata ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai tun wani faɗuwa da na yi a babur a hanyar Kumo, don haka maɓallin harbina yana kusan tsakiyar gefen sama, inda mai lafiyayyen yatsa sai ya yi miƙa kafin ya taɓo. Yaron shagona ya gwada shi ranar Asabar, an kashe shi sau goma sha ɗaya, shi ya kashe biyu.