Tambaya da Amsa: In bar tsirkiya a sake ko in danne?

TAMBAYA: Salam Malam, wata shida kenan ina koyon mandolin, wato ɗan ƙaramin kayan kiɗan nan mai tsirkiya kamar jita, sai na lura akwai sautin da ake samu a wuri biyu, misali A, in na kaɗa tsirkiya ta biyu a sake shi ne, in na danne gaɓa ta 7 (cikin gaɓoɓin da ƙarafa suka raba a wuyan mandolin) a kan tsirkiyar D ma shi ne. To wanne ne daidai? Ni dai gaskiya na saken nake bi don autan yatsana ba ya kaiwa, in ya kai ma sai sautin ya fito a shaƙe. Daga wani ɗalibin kiɗa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ai ka riga ka tona kanka, ba zaɓi kake yi ba, gudun autan yatsa kake yi, kuma kusan duk mai koyo sai da ya yi wannan gudun.

Mandolin tsirkiya takwas ne, bibbiyu sahu huɗu, ana saita su G, D, A, E. Shi ya sa gaɓa ta 7 a kan G take ba da D, a kan D ta ba da A, a kan A ta ba da E. Suna ɗaya ne amma murya daban. Ta sake tana da kaifi da ƙarfi kuma tana daɗewa tana amo ko ka wuce ta, wadda aka danne kuwa ta fi taushi don tsirkiyar ta fi kauri, kuma da ka ɗaga yatsa ta yi shiru. Wannan shirun shi ne babban amfaninta, don a nan kai ke da iko da sautin, kai za ka ce ga inda zai tsaya, kana iya jawo yatsa a kan tsirkiyar ka shigo masa daga ƙasa, abin da ba ya yiwuwa a kan ta sake.

Amma fa kar ka ɗauka ta sake ta ragwaye ce. Kiɗan gargajiya na ƙasar Ailan yawanci a kan jerin sautukan D da G yake tafiya, makaɗansu suna barin tsirkiya tana amo a ƙarƙashin waƙar kuma wannan amon ne daɗin abin, in ka danne komai sai kiɗan ya bushe. Matsalar sai ranar da mawaƙi ya ce maka shi a jerin sautukan B yake son waƙar, kamar yadda ake yawan yi a bulugiras, salon da Bill Monroe ya kafa a Amurka, to a nan G da D da A duk sun fita daga layi, E kaɗai ta rage maka, wanda bai saba dannewa ba sai ya tsaya yana kallon mutane. Wanda ya iya kuwa hannu kawai zai matsar gaba, fasalin yatsun bai canza ba.

Ni abin da nake yi, in waƙa ta taɓa A ɗin nan sau ɗaya za ta dawo ƙasa, ina zama a kan D in sa auta, don tsallakawa wata tsirkiya saboda sauti ɗaya a cikin sauri yana rikita hannun dama. In za ta ci gaba da hawa ne sai in kaɗa A a sake.

Batun shaƙewa kuma, duba inda kake sa yatsan. Dab da bayan ƙarfen gaɓar ake dannewa, ba a kansa ba, ba can nesa ba, kuma ka tabbata ka kama tsirkiyoyin biyu duka, don sau da yawa ɗaya ce ke kufcewa. Kar ka matse da ƙarfin tsiya, sautin zai ɗan haura. In tsirkiyoyin sun yi nisa da allon wuyan a kai wa mai gyara ya sauke su. Sannan kullum minti biyar, kaɗa A a sake, kaɗa ta a danne, ka yi ta musanyawa a hankali har kunnenka ya daina jin wadda ka danne kamar mara lafiya.