Gayaunar yaro tasa ce

'Yata, saƙonki ya iso, na kuma ji daɗin jin kuna lafiya. Kin ce surukarki ta ga 'yar garkar da kuka yi a gindin katanga, ta ce a yanka wa yara kunya ɗai-ɗai, kowa da tasa. Ke kuma kina ganin babban shekararsa shida, ƙanwarsa huɗu, ban da ɓarna me za su iya? Shi ne kike tambaya ko da gaske al'ada ce, ko son jika ne kawai.

Al'ada ce, sunanta gayauna. Ni da babanki a gandu muka tashi. Gona ta gida ce, maza na can tun safe har azahar, abin da aka girbe rumbu ɗaya yake shiga. Amma akan yanka wa saurayi wani gefe, ya je da yamma ko ranar Juma'a da ba a fita gandu, kuma abin da ya noma nasa ne, ko maigida sai ya tambaya kafin ya taɓa. Mu ƙanana tamu gayaunar tana cikin gida, a garkar mata, inda ruwan alwala da na wanke hatsi ke gangarawa. Can ake rama da yakuwa da lalo, kabewa na bin danga, zogale na tsaye a lungu.

Ina da shekara bakwai Inna ta ja mini kunya biyu. Ta jiƙa mini irin kuɓewa ya kwana a ƙoƙo, da safe ta nuna mini: ƙwaya uku a rami, a rufe da diddige, kada a danne da ƙarfi. Kwana uku na kasa haƙuri, na tone ramuka huɗu in ga ko sun fito. Waɗannan huɗun ba su yi rai ba. Inna ta gani, ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma bi bayana ta sake shukawa ba. Gurbin nan huɗu haka suka zauna fili duk damina, kullum ina ganinsu, ba wanda ya sake gaya mini cewa shuka ba ta son gaggawa. Nan nake so ki riƙe da kyau. Idan kika ba yaro kunya, sannan da dare kika je kika gyara masa, kika cire masa ciyawa don kada baƙi su ga wurin a hargitse, to gayaunar taki ce, shi ɗan kallo ne. Yaro kuwa yana ganewa.

Wajen wata biyu kuɓewata ta fara 'ya'ya. Tsinkar fari ba a ci, ba a sayarwa a gidanmu, sai an kai wa tsofaffi su sa albarka. Na kai wa kakarmu guda tara a ƙoƙo, ta karɓa da hannu biyu kamar na kawo mata dami, da dare ta ce wa duk gidan miyar yau tawa ce. Ragowar na yanka na shanya, da rani aka sayar, aka saya mini budurwar kaza. Idan tsuntsu ya yi mana ɓarna muka zo da kuka, sai kakanku ya tuna mana hadisin da ke cewa duk Musulmin da ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Amma fa akuya ba a bar ta ta ci sadakar ba, mu ke gyara shinge.

A 1976, da gwamnatin Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, makarantu sun yi gonaki, babanki ma ya yi. Abu ne mai kyau, sai dai can sai an kaɗa ƙararrawa yake ɗaukar fartanya, gayaunarsa ta gida kuwa ko kokonsa bai sha ba yake leƙa ta.

Ita ƙaramar 'yarki ba sai an ba ta kunya ba. Cika mata buhu da ƙasa da busasshen kashin awaki, ki watsa alayyahu, domin cikin mako uku zuwa huɗu ya isa yanka, haƙurin ɗan shekara huɗu bai wuce nan ba. Ki huda mata gwangwani ta riƙa ban ruwa safe da la'asar. Babban a ba shi kuɓewa. Barkono da attaruhu ki bar su a naki ɓangaren, yaro bai san ya hana hannunsa zuwa ido ba. Kuma kada aikin garka ya zama horo, wai ka yi laifi je ka cire ciyawa. Ranar da kika yi haka kin raba shi da wurin.

Ki duba shingenku da kanki. Idan akwai bini-da-zugu ki sare shi, 'ya'yansa kamar gyaɗa suke a idon yaro, kuma suna sa amai da zawo mai tsanani. Zaƙami ma in ya fito ki tuge, ba banza ake kiransa haukata-yaro ba. Duron ruwa ya zauna a rufe. Maganin feshi kada ya shiga inda suke tsinka su kai baki. Toka da ruwan ganyen dalbejiya sun ishi ɗan wuri irin naku.

Na ɗaure miki irin kuɓewa da na rama a ƙyalle da 'yar toka, zan ba mai zuwa Kano. Kada ku shuka da ruwan farko, ku bari ƙasa ta sha ta ƙoshi. Ki gaishe mini da surukarki da maigidan, ki ce wa angona tsinkarsa ta fari a raba biyu, ina jiran rabona.

Gwaggonki.