Shin Sai Ƙato Ne Zai Iya Rugawa Da Ƙwallo A Gasar NFL?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sabon shiga ne a kallon ƙwallon Amurka, ban fi shekara biyu da farawa ba. Gardama ce ta haɗa ni da wani abokina a kan 'yan wasan nan da ake miƙa wa ƙwallo su ruga da ita, waɗanda ake kira ranin-bak. Shi ya kafe a kan cewa in mutum ba ƙato ba ne irin Derrick Henry, to ɓata lokacinsa yake yi a wannan gurbi. Ni kuma ina ganin gajeru masu zilliya sun fi iya aikin. Don Allah Malam a raba mana gardama, girman jiki yana da tasiri ko ba shi da shi? Daga wani mai bibiya a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, gardamarku ta girme ku, domin masu horar da ƙungiyoyin NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, da masu nemo musu 'yan wasa sun daɗe suna yin ta. Girman jiki yana da tasiri, amma kalmar "girma" ce ta ruɗa ku. Tsawo daban, nauyi daban. A wannan gurbi tsawo ba ya ƙara wa mutum wani abin kirki, wani lokacin ma cutar da shi yake yi. Nauyi ne abin dubawa, musamman wanda ya taru a cinya da ƙugu.

Bari in fara da shekarar 1989, don a cikinta aka gwada abin da kuke musu a kai, kuma da ɗan Nijeriya a ciki. Christian Okoye haifaffen Inugu ne, ya tafi jami'ar Azusa Pacific da ke Kalifoniya a matsayin mai jifan faifan ƙarfe. Da aka bar shi a baya wajen zaɓen tawagar Nijeriya ta gasar Olamfik ta 1984, sai ya koma ƙwallon Amurka, wasan da bai taɓa yi ba sai da ya kai shekara 23. Ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a 1987. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 1, nauyinsa wajen kilo 115, ga shi da gudu. Amurkawa suka laƙaba masa suna mai ma'anar "mugun mafarki daga Nijeriya". A 1989 shi ya fi kowa tara yadi a gasar ta hanyar rugawa da ƙwallo, ya samu 1,480.

Wanda ya bi masa a wannan shekarar shi ne Barry Sanders na Detroit Lions, wanda a lokacin ya shigo gasar, tsawonsa ƙafa 5 da inci 8, nauyinsa wajen kilo 92. Ya samu yadi 1,470. Yadi goma kacal ke tsakaninsu, kuma yadin nan da ka sani ne na Kantin Kwari, ɗan ƙasa da mita guda. Sai dai sau 370 aka miƙa wa Okoye ƙwallo kafin ya tara nasa, Sanders kuwa sau 280. A wasan ƙarshe na kakar ma an ba Sanders dama ya koma fili ya cike abin da ya rage ya karɓe kambun, ya ce a bari, tunda an riga an ci wasan. To ga mutum biyu, bambancin nauyinsu ya haura kilo 20, ɗaya yana bi ta kan mutane, ɗaya yana bi ta gefensu, kuma kusan wuri guda suka sauka.

Yanzu duba jerin waɗanda suka fi kowa tara yadi ta hanyar rugawa da ƙwallo a tarihin gasar. Emmitt Smith ne a gaba da 18,355, tsawonsa ƙafa 5 da inci 9. Sai Walter Payton da 16,726, ƙafa 5 da inci 10. Sai Frank Gore da 16,000 cif, ƙafa 5 da inci 9. Sai Sanders da 15,269. A cikin huɗun nan babu wanda ya kai ƙafa 6. Nan abokinka zai ɗan yi shiru. Amma kai ma kada ka yi saurin tafi, domin babu siriri a cikinsu. Smith ya kusa kilo 100, Gore ma haka. Gajeru ne murjajju, irin mutanen da in ka gan su a filin kokawa za ka san ɗaga su aiki ne.

Na ambaci kokawa da gangan, don duk wanda ya taɓa tsayawa kallonta ya san dalilin. Wanda ya shige ƙarƙashin abokin karawarsa shi ke da iko da shi. Masu horarwa a Amurka suna da wata magana da suke nanata wa yara tun suna sakandare, cewa wanda ya fi yin ƙasa shi ke nasara. Gajere mai nauyi ya samu wannan kyauta tun daga haihuwa. In mai tsaro ya zo kayar da shi, abin da zai tarar hular kwano ce da kafaɗa da gwiwa, babu wurin kamawa. Dogo kuwa ƙirjinsa a buɗe yake, ƙafafunsa kuma dogaye ne, ana iya sare su daga ƙasa. Akwai kuma wani amfanin da mai kallo a talabijin ba ya lura da shi, saboda kyamara daga sama take ɗauka. Ƙartin nan biyar da ke tare wa mai ruga hanya, yawancinsu sun haura ƙafa 6 da inci 3, nauyinsu ya kai kilo 140 ko fiye. Mutum mai ƙafa 5 da inci 8 in ya laɓe a bayansu, masu tsaro ba sa ganinsa sai ya ɓullo. Rabin daƙiƙar da suka ɓata suna neman sa ta ishe shi. Maurice Jones-Drew na Jacksonville, ƙafa 5 da inci 7 amma kilo 95, da wannan dabarar ya zama na ɗaya a 2011 da yadi 1,606.

To me ya sa ake son nauyin? Dalili na farko shi ne karo. Ƙungiya tana da dama huɗu ta ci yadi goma. Sau da yawa abin da ke raba cin nasara da mayar wa abokan hamayya ƙwallo shi ne inda mutum ya faɗi bayan an buge shi, gaba ko baya. Mai nauyi in aka tare shi a yadi biyu, yakan ja mutum ya faɗi a yadi huɗu. A bakin layin cin maki, inda fili ya ƙare kuma kowa ya san ta tsakiya za a bi, zilliya ba ta da wurin aiki. A wasan farko na kakar 2004, Jerome Bettis na Pittsburgh Steelers, wanda ake wa laƙabi da motar bas saboda ƙibarsa, an ba shi ƙwallo sau biyar, jimillar abin da ya ci yadi ɗaya tak, amma sau uku ya tsallaka layi ya ci maki. Shi kuwa Sanders, duk da gwanintarsa, akwai lokutan da masu horar da shi kan cire shi in an iso bakin layi su sa wani mai nauyi, saboda salonsa na ja da baya ya nemi kafa yakan sa a kayar da shi a bayan inda aka fara.

Dalili na biyu shi ne wanda sababbin masu kallo ba su cika sani ba, alhali shi ke hana yara da yawa shiga fili. Ba kullum ake ba ranin-bak ƙwallo ba. In kwatabak, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa ƙwallo, zai yi jifa, sau da yawa aikin ranin-bak shi ne ya tsaya kusa da shi ya tare mai tsaron da ya kutso a guje, wanda zai iya kai kilo 105 ko 110. Mai kilo 82 da ya tsaya gaban wannan, tare za a kwashe su da kwatabak ɗin. Kuma kwatabak shi ne ɗan wasa mafi tsada a ƙungiya, babu kocin da zai yi caca da lafiyarsa. Shi ya sa za ka ga yawancin waɗanda ake bari a fili a kowane irin yanayi nauyinsu yana tsakanin kilo 92 da 105.

Ana kuma cewa ƙato ya fi jure duka, ya fi daɗewa. A nan ni ina da ja. Ƙato yakan nemi karo, kuma kowane karo bashi ne da jiki zai biya. Okoye kaka shida kawai ya yi, gwiwa ta tsayar da shi bayan 1992. Earl Campbell na Houston Oilers, wanda a ƙarshen shekarun 1970 ba a iya tsayar da shi, kaka takwas ya yi, kuma jikinsa ya sha wahala ƙwarai daga baya. Gore ɗan gajere ya yi kaka 16. Darren Sproles, ƙafa 5 da inci 6, kilo 86, ya shigo a 2005 bai bari ba sai 2019. Amma ka lura da yadda aka yi amfani da Sproles: ba a ba shi ƙwallo sau 20 a wasa a ce ya bi ta tsakiya. Jefa masa ake yi a gefe, shi ke karɓar bugun da abokan hamayya suka yo ya dawo da shi. A 2011 yana New Orleans Saints ya haɗa yadi 2,696 ta duk waɗannan hanyoyi, abin da ba a taɓa yi ba a kaka guda. Jikinsa ne ya zaɓa masa irin aikin, shi kuma ya ƙware a kai.

Sai mu zo kan gwanin abokinka. Henry yana da tsawon kusan ƙafa 6 da inci 3, nauyinsa kilo 112, kuma ya ci yadi 2,027 a 2020 yana Tennessee Titans. Abin da ya sa kowa ke maganarsa shi ne irinsa ba su da yawa. Da girma kaɗai ke yin aikin, da kowace ƙungiya ta ajiye nata ƙaton, don Amurka ba ta rasa ƙarti ba. Ron Dayne ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon 'yan wasan jami'a a 1999, New York Giants ta ɗauke shi a zagayen farko a 2000, jikinsa kamar buhun gero, amma bai taɓa cin yadi 1,000 a kaka guda a NFL ba. Abin da Henry ya fi su da shi gudu ne. A taron gwajin 'yan wasa da ake yi duk shekara a Indianapolis, ya cinye yadi 40 cikin daƙiƙa 4.54 da wannan nauyin.

Masu nazarin alƙaluma sun mayar da wannan lissafi. A 2008 wani marubuci mai suna Bill Barnwell ya fito da ma'aunin da ke haɗa nauyi da gudu: a ninka nauyin ɗan wasa na laba sau 200, a raba da lokacin gudunsa wanda aka ninka da kansa har sau huɗu. Wanda ya samu 100 matsakaici ne. Henry ya samu kusan 116. Chris Johnson, wanda bai kai kilo 90 ba amma ya yi yadi 40 cikin daƙiƙa 4.24, ya samu kusan 122, kuma shi ma ya ci yadi 2,006 a 2009. Ma'anar lissafin ita ce, in ka rage nauyi dole ka biya da gudu, in ka rage gudu dole ka biya da nauyi. Wanda ya rasa duka biyun, shi ne abokinka ya kamata ya ce yana ɓata lokaci.

Ka nemi bidiyon wasan Tennessee da Jacksonville na watan Disambar 2018. An miƙa wa Henry ƙwallo a yadi ɗaya daga gidansu, ya ratsa cunkoso ya karkata hagu. Mai tsaro na farko da ya iso, sai ya miƙe dogon hannunsa ya tokare shi, ya ture shi gefe kamar mai buɗe ƙyaure. Haka ya yi wa na biyu, haka ya yi wa na uku, bai tsaya ba sai da ya ƙure filin, yadi 99. A nan tsawo ya yi masa rana, don hannunsa ya riga nasu isa. Amma mutumin da ya fara kafa wannan tarihi na yadi 99 shi ne Tony Dorsett na Dallas Cowboys, a Janairun 1983, kuma bai kai kilo 90 ba. Shi ta wata 'yar kafa ya sulale, ya goce wa masu binsa. Abin dariyar ma shi ne mutum goma ne Dallas ke da su a fili a lokacin maimakon sha ɗaya.

Akwai abin da sikeli da awo ba sa kamawa, kuma a ganina ya fi duk abin da muka lissafa. Ido ne da haƙuri. Kafar da ƙartin gaba ke buɗewa ba ta daɗewa, tana buɗewa tana rufewa cikin ƙiftawar ido. Mai gaggawa zai afka bayan nasa mutanen, mai nawa kuma zai tarar an rufe. Emmitt Smith ba ya cikin masu gudun a zo a gani, ba kuma ƙato ba ne, amma yakan hango inda kafar za ta buɗe tun ba ta buɗe ba. Sai kuma daidaiton jiki, wato a buge mutum daga gefe ya yi taga-taga, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya miƙe ya ci gaba. Wannan ne ma amfanin cinya da ƙugun da na faɗa tun farko.

In kuna son ku gwada maganata, ranar Lahadi mai zuwa ku zauna tare da abokin naka, ku daina bin ƙwallo da ido na ɗan lokaci, ku riƙa duba wanda ke tsaye kusa da kwatabak. In saura yadi ɗaya a dama ta uku, ku ga wa aka turo. In saura yadi takwas, ku sake dubawa. A yawancin ƙungiyoyin yau za ku tarar mutum biyu ne daban, kuma da wuya nauyinsu ya zo ɗaya.