Yaushe zan je duwatsun Jos in ga tsuntsayen da ke komawa Turai?

Tambaya: Salam. Na ji an ce akwai tsuntsayen da ke zuwa mana daga Turai su yi hunturu su koma. Ina so in je duwatsun Jos in gansu da idona, wane wata ya fi, kuma dole sai na hau can ƙololuwa? Daga wani mai karatu a Bauchi.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Maganar gaskiya ce, suna iso mana tun wajen Satumba da Oktoba, amma in kallo kake so ka bari sai bazara, daga tsakiyar Maris zuwa cikin Afrilu. Lokacin ne suke shirin komawa, sun sake gashi sun yi kyau, kuma ci kawai suke yi ba ji ba gani, don Sahara ce a gabansu, tafiyar wajen kilomita 2,000 ba abinci ba ruwan kirki. Akwai wani ɗan ƙarami mai ruwan ƙasa, garden warbler, da nauyinsa bai kai giram 20 ba, amma kafin ya tashi sai ya tara kitse har ya kusa ninka kansa. Da kitsen nan zai ƙetare hamada, ya yi ta tafiya da dare, rana ta yi ya sauka ya laɓe a inuwa.

Batun hawa ƙololuwa kuwa, ka hutar da ƙafarka. Tsuntsun da ke neman ƙiba yana inda abinci yake, wato gindin dutse, bakin rafi mai duhuwar itatuwa, da gefen gonakin da aka girbe. Ka samu ɓauren da ya nuna ka zauna nesa kaɗan, rana a bayanka, daga an idar da asuba zuwa ƙarfe 9, su da kansu za su zo. A gonaki kuma ka riƙa duba kan karan dawa da ya bushe, nan wani ɗan tsuntsun Turai da ake kira whinchat ke son tsayawa, namijin a Afrilu ƙirjinsa ruwan lemo ne ga farin layi a saman ido, ya diro ƙasa ya cafke ƙwaro ya koma kan karan nan dai.

Wurin da na fi ba mutane shawara shi ne dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga, kamar kilomita 15 daga cikin Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take. An ga tsuntsaye sama da iri 300 a wurin. Ka nemi izini kafin ka shiga, in ka dace da ranar da suke saka wa tsuntsaye zobe a ƙafa za ka gansu a tafin hannu.

Ka riƙe madubin hangen nesa, mai lamba 8x42 a jikinsa ya isa, da rigar sanyi don asubar Jos ba wasa, kuma banda fararen kaya. Abu ɗaya nake roƙonka don Allah, kada ka matsa musu don hoto ko ka kunna kukansu a waya, duk tashin da ka sa suka yi kitsen guzurinsu ne ke ƙonewa. In kuma ka ga shamuwa kada ka lissafa ta cikin 'yan Turai, ita daga kudancin Afirka take tahowa gaban damina, a garuruwanmu take ƙyanƙyasa.