Zram ko zswap: zaɓi ɗaya, kada ka haɗa su

Ka tambaye ni ko daidai ne da ka kunna zram da zswap gaba ɗaya a kwamfutar nan mai ram giga 4, tunda ka ji an ce kowannensu yana ninka ram. Ba daidai ba ne, ɗana. Kashe ɗaya. Amma ba na so ka kashe don kawai maigida ya ce, so nake ka san abin da ke gudana a ciki.

Kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da injin, yana raba ram shafi-shafi, kowane shafi baiti 4096 a irin injinan da ake kawo mana. Idan ram ya cika, sai ya nemi shafukan da aka daɗe ba a taɓa ba. Wanda yake da kwafi a faifai, kamar fayil ɗin da aka karanto, watsar da shi yake yi, in an buƙata a sake ɗaukowa. Wanda ba shi da kwafi a ko'ina, irin abin da burauza ta tara, dole a nema masa ma'ajiya, ita ce suwaf. A nan wahalar take. Faifai mai juyawa yakan ci kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa kafin ya lalubo shafi guda, alhali furosesa tana warware shafin da aka matse cikin lokacin da ya fi wannan gajarta sau ɗaruruwa, har dubbai. Shi ya sa aka ce, maimakon a kai shafin faifai, a matse shi a bar shi cikin ram.

Zram wani yanki ne na ram da ake nuna wa kanel tamkar faifai, sunansa /dev/zram0, duk abin da aka rubuta masa sai ya matse. Nitin Gupta ne ya fara shi da sunan compcache, ya samu cikakkiyar shiga Linux 3.14 a 2014. Wayoyin Android da ChromeOS suna aiki da shi, Fedora ma, wani nau'in Linux, ta mayar da shi suwaf ɗinta tun fitowa ta 33 a 2020. Shi kuwa zswap, aikin Seth Jennings da ya shiga Linux 3.11 a 2013, ba faifai ba ne. A ƙofar suwaf na gaskiya yake tsayawa, ya tare shafin da za a fitar, ya matse, ya riƙe a rumbunsa, wanda a tsarin asali ba ya wuce kashi 20 cikin ɗari na ram. In rumbun ya cika, sai ya warware waɗanda suka fi daɗewa ya tura su faifai.

To dubi abin da ka haɗa. Zswap ya matse shafi. Rumbunsa ya cika, ya warware shi ya miƙa wa abin da yake zaton faifai ne, ashe zram ne, shi kuma ya sake matsewa. Furosesa ta yi aiki uku a kan shafi ɗaya, kuma shafin bai bar ram ba. Ga tsohuwar furosesa da dama numfashi take da ƙyar, wannan zalunci ne.

Haɗa zram da suwaf na faifai ma yana da nasa tarkon, kuma shi ya fi kama mutane. Zram yakan cika da tsofaffin shafukan da ba wanda ke nema, su zauna daram, sababbin da ake buƙata yanzu-yanzu kuma su tafi faifai mai nauyi. Saboda haka ga yadda nake yi. Injin da ke da SSD (faifai mai sauri da ba ya juyawa) mai lafiya da wurin suwaf, ko wanda mai shi yake son ya riƙa kwantar da shi a mace (hibernate) ya tashi ya tarar da aikinsa, ina sa masa zswap, don zram ba ya riƙe komai bayan an kashe wuta. Injin da faifansa mai juyawa ne, ko ƙaramar ma'ajiyar eMMC da yawan rubutu ke cinyewa, zram kaɗai.

Maganar ninkawa kuwa, kada ka yi wa kowa wannan alkawari. Auduga tana matsuwa, tsakuwa ba ta matsuwa. Rubutu da bayanan manhaja sukan koma rabi ko sulusi, amma bidiyo da hoto yawanci an riga an matse su, abin da aka kulle da sirri kuma ba ya matsuwa, ba abin da za ka ƙara samu. Buga umarnin zramctl ka gani da idonka. DATA shi ne abin da aka zuba, COMPR girmansa bayan matsewa, TOTAL kuma ainihin ram ɗin da ya tafi har da ɗawainiyar ajiya. DATA da TOTAL za ka kwatanta. Ka kuma lura, girman da ka ba zram na kayan da ba a matse ba ne, ba ya ƙwace ram sai an zuba masa.

Cikin hanyoyin matsewa, lz4 ya fi sauri, zstd ya fi matsewa amma ya fi cin furosesa. A wannan injin fara da lz4. In zram ka bari, ka ɗaga vm.swappiness, ma'aunin yadda kanel ke karkata ga amfani da suwaf, sama da 100, tunda daga Linux 5.8 yana kaiwa 200, kuma suwaf ɗinka yanzu ya fi faifai sauri. Ka sauke vm.page-cluster zuwa 0, domin a asali 3 ne, wato kanel yana ɗebo shafuka takwas a tashi ɗaya don rage wa faifai kai-kawo, abin da zram ba ya buƙata.

In ka gama, buɗe abubuwan da mai kwamfutar yake buɗewa kullum, ka bar umarnin vmstat 1 yana gudu, idonka a kan si da so, wato abin da ake ɗaukowa daga suwaf da abin da ake tura masa. In lambobin ba sa sauka, injin kuma yana ta ƙamewa, kayan aikinsa sun fi ƙarfin giga 4. Kwance murfin baya ka duba ko akwai gurbin ram da ba kowa, ka faɗa masa kuɗin ƙarin giga 4 kafin ya zo ɗauka.